Jan Ƙyalle a Gonar Baba Tanko

Ni ba mutumin tafiya ba ne. Duk wanda ya san ni a garinmu, can ƙasar Damagaram, ya san in dai akwai inuwa da abokin hira, to an gama da Ilu. Kasuwar da ke gaba da mu ma sai an ja ni nake zuwa. Amma shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, da rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji, sai ga ni a Kano, da tabarma a kafaɗa, da baki mai yawan magana, da kunne. Kunnen nan shi ne dukiyata. Lakwal, wato boko, ban yi ba, allo ma ban yi nisa ba, amma tun ina yaro in garke ya dawo, ina cikin ɗaki zan gaya maka wace akuya ce ba ta shigo ba.

Zangona na farko Bompai. An ce mini can kamfanoni suke, can ake ɗaukar lebura. Kwana huɗu ina zaga ƙofofi, ba wanda ya ce mini ko sannu. Abin da na lura da shi, kowace safiya ma'aikaci zai zaro wani ɗan ƙarfe mai faɗin kwabo daga aljihu, ya nuna wa maigadi, ya rataye shi a jikin wani allo mai ƙusoshi, sannan ya shige. Na ce a raina, ashe wannan ƙarfen shi ne mabuɗin garin.

Rana ta biyar wani mutum mai farar riga, yana ƙamshin turare, ya ji ina tambayar mai shayi. Ya matso.

"Ɗan Faransa ne, ko? Na ji harshen. Lamba kake nema?"

Na ce ita fa.

"Allah ya taimake ka ka haɗu da ni. Saura guda ɗaya."

Ya ja ni bayan wata mota, ya ciro ta, tagulla ce, da huji a sama, da rubutu da lambobi. Na juye masa abin da ke lalitata, bai ko duba ba ya zuba a aljihu, ya nuna mini wata shuɗiyar ƙofa ya ce gobe da sassafe. Har addu'a na yi masa.

Na goge lambar da toka da lemon tsami har tana ɗaukar ido. Na zura mata zare na rataya a wuya don kada ta faɗi. Da safe na shiga layi kamar kowa. Maigadin tsohon soja ne mai gashin baki. Ya kama lambar tana wuyana, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Kai, wa ya ba ka wannan?"

"Saya na yi, ranka ya daɗe."

Sai ya fashe da dariya har yana dafa ƙofa. "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Wannan ai lambar kare ce. Ta karnukan Turawa, tun zamanin En'e, wadda ake rataya musu don a san an biya musu haraji. Ga ta kuma ya sa ta a inda ta dace!"

Wani daga bayan layi ya yi haushi. Layin duka ya ɗauka. Wallahi da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na gode mata.

Ana cikin haka wata mota ta tsaya, wani dogon tsohon Bature ya fito, injiniyan kamfanin. Ma'aikata suna kiransa Kurma a bayan idonsa, don ƙarar inji ta cinye masa kunne. Ya tambayi abin da ake wa dariya, aka nuna masa wuyana. Mutumin nan ya kama lambar, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da haihuwa.

"Ina samu? Ina samu wannan? Ba ni!"

Ina ƙoƙarin cire zaren in miƙa masa in huta, sai maigadin nan, wanda ya fi kowa yi mini dariya, ya take mini ƙafa. "Kada ka ba shi kyauta, wawa. Ce masa aiki." Bai ma jira ni ba, ya kai baki kunnen Baturen ya ƙwala masa. Bature ya rubuta 'yar takarda a kan bayan motarsa. Haka lambar kare ta sama mini aiki. Har yau ban san ko in tsine wa mai farar riga ko in gode masa ba.

Zango na biyu Sharada, a masaƙar kamfanin. Aikina sharar gashin auduga a ƙarƙashin injuna. Kai, in ana so a hukunta mai surutu, a kai shi can. Daga safe har yamma ba ka jin muryar ɗan Adam, sai dai ka ga baki yana motsi. Na riƙa cusa auduga a kunne don kada in zama irin Baturenmu. Kwana kuwa a barandar wani shago, mu wajen shida, kowa da ya kwanta sai minshari. In na fara ba da labarin gida sai a ce, "Ɗan Faransa, don Allah ka bar mu." Sai in juya wa bango fuska in riƙa tuna sautin daka a gidanmu, da yadda tsohuwata take kiran sunana tana jan ƙarshensa.

Ko da audugar a kunne, ina jin injunan nan ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na ce wa ogan sashenmu, "Injin da ke kusa da taga yana tari."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Da tsintsiya aka ɗauke ka, ba likitan inji ba."

Kwana biyu tsakani, wani ƙarfe a cikinsa ya karye. Labari ya kai ga Kurma cewa mai shara ya faɗa tun kafin. Ya sa aka kira ni, na je ina zaton kora ce. Ya nuna kunnena da yatsa, ya ce, "Lahadi. Zo."

Ranar Lahadi ya ɗauke ni a mota zuwa wani kango a gefen tsohon layin dogo. Ya buɗe bayan mota ya fito da wata sanda mai faifai a ƙarshenta, da waya, da wasu abubuwa biyu kamar 'yan ƙoƙuna da ake kifawa a kunne. Ya kifa mini su. Shi yana yawo da faifan a saman ƙasa kamar mai shara a hankali, ni ina biye da shi, waya ta haɗa mu kamar jaki da mai shi. Abin yana kuka siriri kamar sauro, in ya bi ta kan ƙarfe sai kukan ya canza. Shi ba ya ji, shi ya sa ya shekara yana tona ramukan banza.

Kafin la'asar na gane harshen abin. Ƙusa da gwangwani kukansu kaushi ne, kamar ƙofar langa-langa. Tagulla siririya ce, tsaf. Azurfa kuwa kamar ka ɗan ƙwanƙwasa tasa da zobe. In na ji na kirki sai in ɗaga hannu, ya durƙusa da ɗan cebur ɗinsa.

Me muke samu? Anini. Dari. Kwabo mai huji. Taro da ya yi baƙi. Lambobin leburorin gyaɗa na kamfanonin da suka daɗe da mutuwa. Maɓallan rigar 'yan doka. Ka tuna fa lokacin Naira ta riga ta shigo, duk tarin nan ba zai saya maka ƙuli-ƙuli ɗaya ba. Sai ya zauna ya wanke su da buroshin haƙori, ya jera a cikin wani gwangwanin biskit a kan auduga, ya yi ta rubutu.

Na ƙwala masa, "Sayarwa za a yi?"

"A'a."

"Magani ne?"

"A'a. Sha'awa, Ilu. Sha'awa!"

Sha'awa. Ranar hutuna ɗaya tak a mako, ranar da 'yan'uwana suke wanki, su je tasha su ji wa ya zo daga gida, wa ya mutu, wa ya haihu, ni ina bin tsoho a rana muna tonon matattun kuɗi. Kuma ba halin in ƙi, don aikina a jikinsa yake rataye.

Zango na uku Challawa. Kamfani ya buɗe sabon reshe, aka mai da Kurma can, shi kuma ya tafi da kunnensa, wato ni. A nan ne Allah ya haɗa ni da Baba Tanko, wani tsohon manomi mai jan ƙafar hagu, a wani ƙauye bayan Panshekara. A masallaci ya ga ina sallar magariba da tabarmata a gefe, ya tambaye ni ina nake kwana. Na ce inda dare ya yi. Ya ce, "Taso." Ya ba ni ɗakin da ke jikin zaurensa, na ɗansa da ya tafi Ikko. Matarsa Inna Hajara kuwa, Allah ya yi ta irina. In ta kawo tuwo ta tsaya a bakin zaure, sai mu yi ta zuba har Baba ya ce, "Ku biyun nan ko rediyo ta san da zamanku." Tun da na bar gida, sai a gidan nan na yi barci irin na mutane.

Baba Tanko gona uku ya gada. Biyu kamfanoni sun cinye, masaƙar da nake shara a cikinta ma a kan ɗaya take zaune. Ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce, "Da rani suka zo, 'yan safiyo, masu awon ƙasa. Bature ɗaya da yaransa. Ba su ce da kowa komai ba. Suka kakkafa 'yan sanduna masu jan ƙyalle, suka tafi. Bayan nan sai katafila." Da kunnen nan nawa na ji wannan magana, kunnen da nake taƙama da shi, amma ban ajiye ta ba.

Wadda na ajiye ita ce ta Inna. Ita ta ce mini gonar da ta rage, a zamanin kakanni kasuwa ce, har yanzu in ana huɗa akan tono wuri da tsofaffin kuɗi. Lokacin kuwa Kurma ya dame ni, kangwayen da muka sani duk mun tatse su, kullum sai ya ce, "Sabon wuri, Ilu, sabon wuri." Bakina ya kai masa labari tun kafin hankalina ya iso.

Lahadin da muka je, Baba ya tafi ta'aziyya wani gari. Na ce ai rani ne, gona fili ce, a wurinmu ko raƙumi ya bi ta gonarka da rani ba ka tambayarsa. Kurma yana da wata al'ada: in wuri ya yi albarka ba ya tona nan take, sai mu bi filin duka, duk inda na ɗaga hannu ya soka kara, daga baya a dawo a tona. Don kada karan ya ɓace a cikin karare, sai a ɗaura masa ƙyalle. Ƙyallen kuwa ragowar yadi ne daga masaƙa. Ja ne. Ni da hannuna na yayyaga shi.

Ranar ƙasar nan waƙa ta yi ta yi mini. Taku biyu tagulla, taku uku azurfa. Kafin azahar gonar Baba Tanko ta yi ja daga wannan gefe zuwa wancan. Rana ta bugi tsohon, jiri ya kama shi, ya ce a bar su haka sai wani makon. Ya wuce da ni gidansa in taya shi sauke kaya, na kwana a wurin kukunsa.

Litinin da yamma na taso daga aiki, tun daga nesa na hango tabarmata a naɗe a waje, da kwanona a kanta. Mutane sun cika ƙofar gidan. Sale, maƙwabcin Baba, wanda shi ma gonarsa tana jikin ta Baba, ya ce, "Ga Safiyo nan ya dawo."

Baba yana zaune a kan buzu, bai ɗago ba. Ya ce, "Ilu, me na yi maka?"

Na durƙusa. "Baba, wallahi ba abin da kuke zato ba ne. Ba awo muka yi ba. Kuɗi muke nema."

"Wane kuɗi?"

"Matattu, Baba. Anini da kwabo na da."

"Ya yi me da su?"

"Ya wanke, ya ajiye a gwangwani."

"Sannan?"

"Sannan ya riƙa kallo."

Sale ya yi wata dariya marar daɗi. "Bature mai mota, ya bar fanka da ruwan sanyi, ya zo gonar talaka tsakar rana neman anini don ya riƙa kallo. Ɗan Faransa, ko ƙarya za ka yi, ka yi wadda za ta shiga kunne mana."

Na yi rantsuwa, na yi bayani, na kwaikwayi kukan tagulla da bakina, abin da ya sa wasu suka ce ko na taɓu. Ni kaina ina jin maganata tana fita ina jin ba ta da kan gado. Yaya za ka fahimtar da mutum abin da kai ma ba ka fahimta ba? Baba ya tashi ya shige gida. Daga ciki ina jin Inna tana jan hanci.

Washegari na sami Kurma a ofis, na ƙwala masa labarin har maƙogwarona ya bushe. Dariya ya yi. "Ba komai, Ilu, ba komai." Da ƙyar ya yarda ya zo ranar Lahadi ya nuna musu abin da ido.

Ya zo, amma da ma bai zo ba. Aka tara jama'a a ƙofar mai unguwa, aka yi tulin yashi bakwai, Inna ta binne zobenta a ɗaya ina juya baya. Na kifa ƙoƙunan, Bature ya bi da faifai, a tuli na biyar na ɗaga hannu. Aka tona, ga zobe. Na dubi mutane ina jiran a ce Ilu ya yi gaskiya.

Sale ya miƙe. "To kun gani da idonku. Abin nan cikin ƙasa yake gani. In ya hango arziki a ƙarƙashin gonakinmu, gwamnati za ta bar mana su?"

Aka ɗauki salati. Kurma, da ba ya jin abin da ake cewa, ya buɗe gwangwaninsa yana zagawa da shi yana murmushi. Baba ya ɗauki kwabo ɗaya, ya leƙa ta hujinsa, ya mayar, ya tafi. Bature ya juyo gare ni ya ce, "Yanzu mu tona?"

Na wuce gonar, na bi kararen nan ɗaya bayan ɗaya na tuge, na tara na cinna musu wuta. Ya biyo ni yana ihu da Turanci, fuskarsa ta fi ƙyallen ja. Daga ranar bai sake ce mini Lahadi ba, bai kuma sake amsa gaisuwata ba.

Na koma kwana a jikin katangar kamfani, kusa da teburin wani mai shayi. A ƙauyen, in na yi sallama sai a amsa da rabin baki. Sau biyu a mako Inna takan biyo ta wurin da sunan zuwa kasuwa, ta dire rufaffen kwano a gindin katanga, ta ce da iska, "Ni dai ban ajiye don kowa ba," ta wuce. A bakinta na ji abin da ya fi korar ciwo. Kowa ya yi sharar gona, ya kai taki, Baba bai je ba. Ya ce ba zai zuba irinsa katafila ta bi ta kai ba. Gonar da suke ci daga ita ke nan, shi da tsohuwa. Ba safiyo, ba katafila, ba kowa. Ni ne kawai da jan ƙyallena.

Ruwan farko ya sauka wata Talata da yamma, mai yawa, har ƙasa ta sha ta ƙoshi. Laraba da safe na nufi ƙofar kamfani, lambata ta gaske a hannu. Doka ce, lebura in bai rataye lambarsa ba, ba kuma da izini ba, akwai mutum goma a waje suna jiran ƙusarsa, kuma yanzu ba ni da Baturen da zai tsaya mini. Saura 'yan taku in kai allon sai iska ta kawo mini wani sauti daga gonaki. Sungumi ne yake shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa, tuf, tuf, tuf. A gida ma yau ko gobe haka za a yi, wani ne zai sara wa tsohuwata. Na saurara da kyau. Ta gabas ana yi, ta wajen Sale ana yi. Ta wajen gonar Baba shiru.

Na mai da lambar aljihu. Aikin kuwa a ranar ya tafi, don da na leƙa bayan kwana biyu har an ba wani tsintsiyata.

Na tsaya a ƙofar gidan na yi sallama sau uku, ba a amsa ba. Ina shirin juyawa sai na ga ƙotar sungumi tana leƙowa ta zaure, a hankali, ba a ga mai turo ta ba. Na ɗauka.

Gonar ba shara, ba taki, ga tokar kararen da na ƙona a gefe. Na fara sara. Ba ni da iri ko ƙwaya ɗaya, ramuka kawai nake yi. Layi ɗaya, biyu, uku. Sale ya dogara da sunguminsa daga kan iyaka ya ce, "Safiyo, yau kuma me ake aunawa?" Wannan suna har Damagaram ya bi ni daga baya. Ban tanka masa ba. Ina jin tun da aka haife ni ranar ce farkon da aka tsokane ni na yi shiru.

Na yi layi na bakwai, bayana ya fara ciwo, na fara tunanin haka zan ramuke gonar duka rana ta busar da ita a banza. Sai na ji taku a bayana. Ban waiwaya ba, ba na bukata. Mutum ɗaya ne a ƙauyen nan yake jan ƙafar hagu. Sai na ji gero yana motsi a cikin ƙwarya. Sai 'yan ƙwayoyi suka faɗa rami, diddige ya rufe. Rami na gaba, haka. Ina sara, yana zubawa, har muka kai ƙarshen layi.

"Ilu."

"Na'am, Baba."

"Rage zurfin ramin nan. Gero muke shukawa, ba anini muke nema ba."